Alkawari ko Amana? Nazari a kan Zabura ta 50 a Bakin Bahaushe

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun kafin ya karanta aya guda zai ci karo da kalmar da aka ɗora wa nauyin littafin gaba ɗaya, domin an raba shi gida biyu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Wanda ya ɗauki na Faransanci kuwa zai tarar da Ancien Testament da Nouveau Testament a kan bango, amma in ya kutsa ciki sai ya riƙa gamuwa da alliance, a wani wurin kuma promesse. Wato kayan da Bafaranshe ya raba wa kalmomi uku, Bahaushe ya ɗora wa kalma ɗaya tak. Manufar wannan maƙala ita ce a auna ko kalmar ta iya ɗaukar kayan, ta hanyar duba waƙa guda, wato Zabura ta 50, wadda a cikinta Allah yake kiran jama'arsa gaban shari'a a daidai lokacin da suka taru domin yi masa sujada.

Za a dubi waƙar ne da idon mai nazarin adabi da fassara. Musulmi ya san sunan Zabura daga Alƙur'ani, inda aka ambaci cewa an bai wa Annabi Dawuda ita. Kirista kuma yana karanta ta a majami'a ranar Lahadi. Yadda kowannensu ya ɗauki matsayin littafin da ke hannun mutane a yau, wannan fagen malaman addini ne. Abin da ya shafe mu, mu malaman harshe, shi ne cewa rubutu ne na Hausa da ya kusa shekara ɗari yana yawo a ƙasarmu, ana karanta shi, ana haddace shi, amma da wuya a ga an sa shi a ma'aunin nazari kamar yadda ake sa sauran rubuce-rubuce.

Yadda littafin ya shigo Hausa

Aikin ya faro ne da James Frederick Schön, ɗan mishan Bajamushe, wanda ya buga Sabon Alkawari da Hausa a 1880. Babban wanda ya jiyar da shi Hausar baka shi ne Dorugu, yaron da aka kama bauta daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, ya sami ƴanci, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Ke nan akwai bakin ɗan ƙasar nan a tushen aikin. Cikakken littafin ya fito a 1932, bayan doguwar hidimar da Likita Walter Miller na Zariya ya yi tare da wasu ƴan mishan da mataimakansu Hausawa. An sake sabuwar fassara a 1979, wadda ta fi karkata ga isar da ma'ana a kan bin kalma da kalma, sannan aka sami wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa, da aka sabunta a 2020.

A Nijar, mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta buɗe tasha a Tsibirin Gobir, ta kuma kafa asibitin Galmi a 1950. Da Hausa ta yi wa'azinta, da Hausa ta karantar, shi ya sa har yau yawancin ikilisiyoyin bishara na jahar Maraɗi da Hausa suke sujada. Barbara Cooper ta ba da tarihin wannan al'umma a littafin da ta buga a 2006 a kan Kiristocin bishara na Sahel. Abin lura a nan shi ne, littafin daga Najeriya ya hauro, da Hausar Kano da Zariya. Bagobiri yana karanta alkawari a takarda, ya ce alkawali da bakinsa. Wannan bambanci na lafazi ne kawai. Matsalar da za mu duba ta ma'ana ce.

Ginin waƙar: zaman shari'a a wurin ibada

Zabura ta 50 tana da aya 23, kuma ita ce ta farko cikin waƙoƙi 12 da aka jingina wa Asaf, shugaban mawaƙa a zamanin Dawuda. Sauran 11 suna jere daga ta 73 zuwa ta 83. Mafi yawan waƙoƙin Zabura 150 muryar mutum ce take hawa zuwa ga Allah, ko da kuka ko da yabo. A wannan kuwa an juya akalar: Allah ne mai magana, jama'a su ne masu sauraro.

Ayoyi 1 zuwa 6 sammaci ne. Mawaƙin ya jera sunayen Allah uku a baki ɗaya, kamar yadda sanƙira yake jero laƙabin sarki kafin ya fito, sannan ya siffanta fitowarsa daga Sihiyona da wuta da guguwa. Aka kira sama da ƙasa su zama shaidu, aka ce a tattaro mutanen da suka ƙulla alkawari da shi a kan hadaya. Ayoyi 7 zuwa 15 tuhuma ce ta farko, a kan yadda suka fahimci hadaya. Ayoyi 16 zuwa 21 tuhuma ce ta biyu, a kan waɗanda doka take bakinsu amma ba ta cikin aikinsu. Ayoyi biyu na ƙarshe gargaɗi ne haɗe da buɗe ƙofar tsira.

Masana sun daɗe da lura cewa wannan gini na ƙara ne a gaban alƙali, irin wanda ake gani a babi na 1 na Ishaya, da na 6 na Mika, da na 32 na Maimaitawar Shari'a, inda duk ake kiran halitta ta tsaya shaida. A 1954 George Mendenhall ya nuna kamannin da ke tsakanin alkawarin Sina'i da yarjejeniyoyin da manyan sarakunan Hittiyawa suke ƙullawa da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsu: babba ya faɗi sunansa, ya tuna alherin da ya yi, ya gindaya sharuɗɗa, ya kira shaidu, ya ambaci albarkar cikawa da la'anar saɓawa. Wasu masana kuma suna ganin an riƙa rera waƙar ne a taron sabunta alkawari, ganin cewa babi na 31 na Maimaitawar Shari'a ya umarci a karanta wa jama'a doka duk bayan shekara bakwai a Idin Bukkoki.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan zama shi ne wanda aka gurfanar. Mai sauraro da ya ji wuta da guguwa da kiran duniya daga gabas zuwa yamma, zai zaci maƙiya ne za su ji a jikinsu. Sai ga shi sammacin ya faɗo a cikin gida. Masu hadaya, masu haddar doka, masu cika majami'a, su ne a gaban alƙali. Kuma mai ƙara da alƙalin duk ɗaya ne, shi ne kuma ya gabatar da kansa a aya ta 7 a matsayin Allahnsu, da irin lafazin da aka buɗe Dokoki Goma da shi. Hukuncin daga cikin dangantakar ya fito. Wanda ba a ƙulla kome da shi ba, ba a kira shi wannan zama ba.

Nauyin da aka ɗora wa alkawari

Kalmar Ibrananci ita ce berit. Da aka juya littafin zuwa Girkanci sai aka zaɓi diatheke, wadda take nufin tsari da kuma wasiyya. Latin ta ɗauki ɓangaren wasiyyar ta ce testamentum, daga nan Faransanci ya gaji Testament a bango ya bar alliance a ciki, kamar yadda ake gani a fassarar Louis Segond ta 1910. Masu fassarar Hausa sun tsallake wannan tarko, domin da sun ce Tsohuwar Wasiyya da sun kai mai karatu gidan rabon gado. A nan sun cancanci yabo.

Sai dai alkawari ma yana da iyakarsa. Asalin kalmar daga Larabci ne, al-ƙaul, wato magana. A Hausar yau da kullum, mutum ɗaya ne yake ɗaukar alkawari, ɗayan kuma jira ne nasa. In tela ya ce ka dawo jibi, shi ya ɗauki kaya. Kai ba a binka kome sai haƙuri. Da Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kan mai faɗa yake nufi. To in aka ce wa mai sauraro Allah ya yi alkawari da jama'arsa, abin da zai fara zuwa masa shi ne Allah ya ɗauki nauyi, su kuma suna zaune suna jiran cikawa. Da wannan fahimta, Zabura ta 50 sai ta zama abin ɗaure kai: yaya wanda ya ɗauki alkawari zai kai ƙarar wanda aka yi wa?

Berit kuwa igiya ce mai baki biyu. A babi na 24 na Fitowa, Musa ya karanta wa jama'a sharuɗɗa, suka amsa da bakinsu cewa za su bi, ya kuma raba jinin hadaya biyu, rabi a kan bagade, rabi a kan mutane. Wannan ne abin da aya ta 5 ta waƙarmu take tunatarwa. Akwai kuma wani abin sha'awa a fi'ilin da ke rakiyar kalmar. Ba'ibrane yanka berit yake yi, domin a al'adarsu ana tsaga dabba biyu masu ƙullawa su ratsa tsakani, kamar yadda babi na 15 na Farawa ya nuna. Bahaushe kuwa ƙullawa yake yi ko ɗaurawa, kamar ɗaurin aure. In ya ce an yanke, to zumunci ne ya mutu. Amma duba inda Hausa ta kai wannan fi'ili: hukunci ne ake yankewa. Saboda haka a bakin Bahaushe wuƙar da ta yanka dabbar alkawari ita ce take dawowa ta yanke hukunci. Wannan haɗuwa ce da Faransanci ba zai iya yi ba, tun da shi conclure da juger ba su haɗa dangi ba. Mai wa'azi ko malamin da ya gane wannan, ya riƙe mabuɗin waƙar.

Abin da amana take gani

Akwai wata kalma a hannunmu da ta fi kusa da berit ta fuskar wajibi, ita ce amana. Mu mutanen Dakoro ba ma bukatar ƙamus kafin mu san ta, domin zamanmu a kanta ya ginu. Muna daidai inda gona take ƙarewa makiyaya ta fara. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa ta wannan yanki, kuma kwarin Tarka ya daɗe yana haɗa manomi da Bafillace da Buzu a bakin rijiya ɗaya. Manomi yakan damƙa wa makiyayi dabbobinsa su tafi arewa da damina ba tare da takarda ba. Fulani kuma suna da habbanaye: a bai wa wanda ya rasa dukiya karsana ya riƙe, ya sha nononta, in ta haihu sau biyu ko uku maruƙan su zama nasa, uwar ta koma gidan mai ita. Alheri ne daga mai shi, ba da ciniki aka same shi ba. Amma wanda ya karɓa ya shiga ƙarƙashin wajibi, kuma ranar tambaya tana nan tafe.

A tarihin Daular Sakkwato ma an yi amfani da kalmar ga al'ummomin da ba su musulunta ba amma suka karɓi zaman lafiya da sarakunan daular, suna biyan abin da aka yanka musu, a tsare musu rai da dukiya. Babba ne yake ba da amana, ƙarami ya karɓa, kowane ɓangare kuma da abin da ake binsa. Wannan shi ne ainihin siffar yarjejeniyar da Mendenhall ya bayyana, sai dai mu ba mu bukaci tono allunan Hittiyawa kafin mu gane ta ba.

Da zarar an sa amana a zuciya, sai waƙar ta warware. Laifin da ake tuhumar jama'a da shi yana da suna a Hausa, suna mai zafi: cin amana. Baƙo ba ya cin amana, maƙiyi ma haka. Sai wanda aka yarda da shi. Shi ya sa sammacin ya faɗo a cikin gida. Kalmar da aya ta 5 ta kira waɗanda aka tara da ita, hasidim, wadda Segond ya juya da fidèles, babu abin da ya dace da ita a Hausa kamar amintattu, kuma amintacce da amana tushensu guda. Musulmi mai karatu ma zai ji wani amo da ya sani, domin aya ta 72 ta Suratul Ahzabi ta ba da labarin yadda aka bijiro da amana ga sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka. A Zabura ta 50 sama da ƙasa ne aka kira su shaidi yadda mutum ya yi da abin da ya ɗauka.

Wannan ba ya nufin a kankare alkawari daga bangon littafin. Amana tana duban abin da aka riga aka damƙa; alkawari yana duban abin da ke tafe, kuma akwai wurare da dama, kamar labarin Ibrahim, inda sa rai ga abin da ke tafe shi ne zuciyar maganar. Bugu da ƙari, kusan shekara ɗari na karatu da waƙa sun faɗaɗa kalmar a kunnen Kiristocin Hausa, har akwatin alkawari da jinin alkawari suka zama nasu. Abin da ake nema shi ne a san inda kalmar take ɗingishi, a tallafe ta da ƴar'uwarta a bayanin gefe da wa'azi da aji.

Hadaya: wa yake ciyar da wa?

Tuhuma ta farko tana da ban mamaki, domin ta fara ne da wanke waɗanda ake tuhuma: ba a ce sun yi sakaci da hadaya ba, hasali ma an shaida cewa ba ta yankewa. Laifin yana cikin tunanin da ke bayan yankan. Mai magana ya tunatar da su cewa namun dawa da tsuntsaye da garkunan da ke kan tuddai duk mallakarsa ne, sannan ya yi musu tambayar gatse a kan ko sun ɗauka yunwa yake ji, ko nama da jini ne abincinsa. Gatse salo ne da Bahaushe ya ƙware a kai, kuma mai karanta waɗannan ayoyi a gaban jama'a in ya karanta su da murya ɗaya da sauran, ya kashe su.

Waɗanda suka fara jin wannan waƙa a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi sun san abin da take sūka. A al'adar Anna da ta bori, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana a nazarce-nazarcensa a kan wannan yanki, kowane iska yana da dabbar da yake so da launinta, ana zuba masa jini domin ya biya bukata ko ya kau da fushi. Ciniki ne: na ba ka, ka ba ni. Waƙar tana cewa ko mai bautar Allah ɗaya yana iya riƙe wannan tunani a zuciya bai sani ba, ya mai da ibada toshiyar baki. Makiyayin da ya ga yadda farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka share garke cikin ƴan watanni, ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa dabba aro ce a hannun mai ita. In kuwa aro ce, wanda ya yanka ta domin Allah bai ba shi kome ba. Uwar habbanaye ce ta koma gida.

Kalmar hadaya da masu fassara suka zaɓa tana da kyau ta wannan fuska, domin Musulmi ya san ta a yankan alhazai a Mina, kuma asalinta na Larabci yana ɗauke da ma'anar kyauta. Aya ta 37 ta Suratul Hajji ma ta yi irin wannan gyara ga masu yanka, inda ta nuna cewa abin da yake isa ga Allah shi ne taƙawar mai yankan, ba nama ko jini ba. Abin da waƙar ta nema a maimakon ciniki shi ne godiya, da cika wa'adin da aka ɗauka, da kiran Allah a ranar ƙunci. Kalmar toda ta Ibrananci tana nufin furta godiya, tana kuma nufin wani nau'in hadaya da babi na 7 na Littafin Firistoci ya ce a cinye namanta a ranar da aka yanka. Naman da ba ya kwana kuwa dole a kira mutane su ci. Ke nan godiyar da ake nufi tana da maƙwabta a cikinta.

Ɗan uwa, da talalar mai shiru

Tuhuma ta biyu ta sauko daga bagade zuwa tsakar gida. Wanda ake magana da shi ya iya jero dokoki, alkawari yana kan harshensa, amma yana abota da ɓarawo, yana tarayya da mazinata, yana zama ya ci naman ɗan'uwansa. An taɓo wasu daga cikin Dokoki Goma ne: sata, zina, shaidar zur. A aya ta 20 Ibrananci ya ambaci ɗan'uwa, sannan ya ƙara matsawa ya ce ɗan da uwarka ta haifa. A Faransanci wannan yana fitowa kamar ado ne na waƙa. A Hausa kuwa magana ce mai nauyi, domin mu ma, kamar Ibraniyawan da, mun san gidan mata da yawa, mun kuma raba ɗan uwa da ɗan uba, har muka sa wa gaba suna ƴan'ubanci. Sūkar ɗan uba abu ne da aka saba gani. Sūkar wanda kuka fito ciki ɗaya ita ce ƙarshen lalacewa. Wahalar mai fassara a nan ita ce kalmar ɗan'uwa ta riga ta cinye duka matakan biyu, sai ya nemo shaƙiƙi ko wanda kuka sha nono ɗaya kafin hawan ya fito.

Aya ta 21 ita ce ƙololuwar waƙar. Mai magana ya bayyana cewa ya daɗe yana gani bai tanka ba, mai laifin kuma ya fassara shirun da cewa halinsu ɗaya. Bahaushe ya ce shiru-shiru ba tsoro ba ne, kuma makiyayi yana da kalmar da ta fi kowace dacewa da wannan hali: talala. Dabbar da aka yi wa ɗaurin talala tana kiwo tana ganin sake take, alhali igiya tana ƙafarta. Har ila yau igiyar dangantaka ce. Ita ce ta ba da sarari, ita ce kuma za ta ja.

Waƙar da ba ta da amshi

Waƙar Hausa, daga ta fada har ta Zumuntar Mata a majami'a, bisa bayarwa da amshi take tafiya. Zabura ta 50 ba ta bar wa jama'a amshi ba. Daga aya ta 7 har ƙarshe murya ɗaya ce, waɗanda aka gurfanar ba su ce uffan ba, kuma an tashi zaman ba a zartar da hukunci ba. Gargaɗi aka yi, aka nuna hanya. Amsar tana jiran mai sauraro a kasuwa da gona da tsakar gida.

Wataƙila wannan nauyi ne ya sa ake yawan gutsura waƙar. A jadawalin karatun Lahadi na bai-ɗaya da ikilisiyoyi da dama na Turai da Amurka suke bi tun 1992, ana karanta ayoyi 1 zuwa 6 a wata Lahadi, 7 zuwa 15 a wata, sannan 1 zuwa 8 haɗe da 22 da 23 a wata. A duka ukun an tsallake ayoyi 16 zuwa 21. An riƙe kwarjinin fitowar alƙali, an ajiye takardar tuhuma. Jarrabawar da ke gaban ƙaramar al'umma kamar Kiristocin Nijar ta ma fi wannan. Mutanen da suka ga an ƙona majami'unsu a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 suna da dalilin da zai sa in sun ji an ambaci hukuncin Allah su waiwaya waje. Akwai waƙoƙin Zabura da suke ba wanda aka zalunta bakin kuka, kuma haƙƙinsa ne ya rera su. Wannan dai ba ta cikinsu, kuma al'ummar da ta iya karanta ta dukanta a irin wannan hali ta nuna ƙarfin da ba kowa yake da shi ba.

Adabinmu na wa'azi ya san wannan ƙarfi. Waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, gargaɗinta ya fi sauka ne a kan masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa na cikin jama'ar Musulmi, waɗanda suka san doka. Ko da yake hanyoyin biyu sun bambanta a aƙida, sun haɗu a kan ka'ida guda ta adabin gargaɗi: wa'azin da bai fara da mai yinsa da jama'arsa ba, zambo ne.

Kammalawa

Fassarar Hausa ta Zabura ta 50 ta yi nasara a inda harshen ya riga ya tanadi wurin zama ga ma'anar: a gatse, a yanka da yanke hukunci, a ɗan uwa da ɗan uba. Ta yi rauni a kalmar da ta fi kowace muhimmanci, domin alkawari shi kaɗai yana nuna hannu ɗaya ne na igiyar, sai an kawo amana hannu na biyun yake bayyana.

Ga malamai ƴan'uwana, wannan waƙa darasi ce ta fassara da ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Mai koyar da Athalie ta Racine ba ya tsallake tushenta na Littafi Mai Tsarki don gudun a ce yana wa'azi. Haka nan ana iya ajiye Segond a gefe ɗaya, fassarar Hausa a ɗaya gefen, a tambayi ɗalibai kalma nawa Hausa take da su a fagen alliance, a bar su su jero alkawari da amana da yarjejeniya da wa'adi da caffa, su faɗi wa yake bin wa a kowace. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aikin da ya fi wannan gaggawa, wato tattara kalmomi da ka'idojin amana daga bakin dattawan manoma da makiyaya tun suna raye. Rikicin gona da burtali da muke kai wa gaban hukuma a kowace kaka, da yawansa a da wannan kalma ce take kashe shi a gindin bishiya. Ranar da ƴaƴanmu suka daina jin zafin a ce da mutum ya ci amana, to sun rasa kunnen da za su ji wannan waƙa da shi, sun kuma rasa wanda za su ji maƙwabcinsu da shi.